Karatun Kunne

Lahadi, 4 ga Jimada Sani, 1336. Bunguɗu.

Mai sakiyar ido da na aika a kira daga Gusau ya zo yau. Ya buɗe na hagu da yatsa, ya buɗe na dama, ya sa na dubi rana har hawaye suka zubo. Ya ce ba yana ba ce da za a ture da allura, duhun daga ciki yake tahowa. Na ce yaushe zai rufe? Ya ce wannan sai Allah, amma kada in sa rai da damina biyu. Ya ci tuwon matata Dije, ya yaba miya, ya hau jakinsa.

Ban gaya mata ba. Na ce ya ba ni kwalli.

Shi ya sa na ɗauko ragowar takardun Baba, in riƙa zuba abin da ba ni da wanda zan faɗa wa. Shekara goma sha tara ina karantar da yara a zauren nan, a kan buzun da shi ya zauna. Yara ashirin da shida, littattafai gafaka uku. In ido ya tafi, wa zai buɗe su? Sabiru kaɗai Allah ya bar mana cikin 'ya'ya biyar. Shekararsa goma sha ɗaya, yana izu takwas, kuma duk unguwar nan babu mai zaƙin bakinsa. Da shi nake kwantar da raina.

Talata, 6 ga Jimada Sani.

Dole in rubuta wannan.

Da safe ina raba alluna, hasken zaure bai ishe ni ba, na miƙa wa Sabiru allon Hussaini ɗan maƙeri, wanda ko izu ɗaya bai cika ba. Ban sani ba. Ya karɓa, ya durƙusa, ya aza yatsa, ya zubo karatunsa na jiya tun daga farko har ƙarshe, ba gargada ko ɗaya. Na ce madalla, je ka wanke. Sai Hussaini ya ce a hankali, Malam, nawa ne.

Na kai allon bakin ƙofa na manna ido. Nasa ne. Sura daban, shafi daban, kuma yatsan ɗana ya bi shi layi-layi yana karanta abin da babu a wurin.

Na kira shi, na aza farcena a tsakiyar layi na uku. Na ce mene ne wannan? Ya dube ni, ya dubi bakina. Jira yake in fara.

Laraba, 7 ga Jimada Sani.

Na musanya allunan duka, ɗaya bayan ɗaya. Cikin ashirin da shida, huɗu suka gane ba nasu ba ne. Huɗu.

Alhamis, 8 ga Jimada Sani.

Ba karatu yau. Na wuni a zaure ni kaɗai, na ce wa Dije kaina ke ciwo.

Wa zan zarga? Ni nake rubuta musu allo da hannuna, don ban yarda wani gardi ya ɓata mini layi ba, kuma ina son a ce rubutun Malam Mas'udu ya fi na kowa. Ni nake biya musu sau uku da murya mai daɗi, su maimaita, su koma gefe su yi ta rerawa har ya zauna. In yaro ya kawo ba kuskure, in ce wanke. Babbaƙu ma waƙa muka mai da su. Yaro ya rera sunayen haruffa a jere, a yi masa farfaru a jere, a ce ya haɗa baƙi, uwarsa ta toya waina ta raba. Ban taɓa tsinto harafi guda daga tsakiya na ce wane ne wannan ba. Ban taɓa ba, shekara goma sha tara.

Masu nauyin kunne su suka tsira, don dole ta sa su dubi allon. Mai kaifin kunne kuwa ba ya bukatar ido. Sabiru ya fi kowa kunne.

Ina jin kunya irin wadda ban taɓa ji ba.

Asabar, 10 ga Jimada Sani.

Na mayar da kowa babbaƙu, ban da huɗun nan. Sabiru ya zauna a sahun 'yan shekara shida, gwiwarsa ta fi kawunansu tsawo. Wani ya yi dariya, na zabge shi.

Dije ta tare ni a tsakar gida. Ta ce yaron da anka yi wa sadakar izu biyar da akuya, kowa ya ci, shi za ka mayar alu? Mi zan ce wa mata? Na ce ki ce musu ubansa makaho ne tun kafin ido ya mutu. Ta tsaya tana dubana. Da na yi shiru ya fi.

Talata, 5 ga Rajab.

Na gane wani abu. Muddin abin da ke kan allo yaro ya taɓa jinsa, ba zan san ko ido ke aiki ko kunne ba. Fatiha duk sun sha ta a bayan uwayensu. Sai in rubuta musu abin da ba su zata ba: sunan yaro, sunan ƙaninsa, gero, kaza, tulu.

To amma a ina? Allo na Alƙur'ani ne. Ruwan wankinsa ko a sha ko a zuba a lungun da ƙafa ba ta zuwa. Ba zan rubuta kaza a kai ba. A ƙasa kuma ba a rubuta harafi a bar shi a taka. Na yi ta juya abin, har na aika aka ɗebo mini rairayi mai laushi daga gulbi, na zuba a faifai biyu na Dije. In shafe da tafi, in zana harafi da yatsa, babba, wanda ni ma nake gani. In shafe, in zana wani. Ba jeri, ba waƙa.

Rabinsu kamar an kai su wani gari. Amma akwai Wasila, ƙanwar Hussaini, 'yar shekara bakwai, mai shiru, wadda kullum nake cewa kanta dutse ne don ba ta riƙe biyawa. Na zana, ta daɗe tana dubawa har na fara ƙosawa, sai ta ce dal. Dal ɗin ne.

Sabiru kuwa ya riƙe faifan kamar an ba shi kashin shanu.

Laraba, 20 ga Rajab.

Wata mata ta yi sallama bayan la'asar, daga wajen Kucheri ta ce take. Ta durƙusa ta ajiye 'yar kaza. Mijinta Nasara suka ɗauka dako wajen yaƙinsu, shekara biyu ba labari. Ta ji an ce malamin Bunguɗu ya fara bugun ƙasa, har yara na taya shi, in duba mata ko yana raye.

Na dubi faifan da ke gabana. Rairayi a shafe, sawun yatsa a kai. Wallahi ko ni na shigo na tarar da wani haka, abin da zan ce ke nan. Don kada a taka harafi na sa shi a faifai, ga shi na zama boka.

Na yi mata bayani, ba ta yarda ba. Ta ɗauka kazar ce ta yi kaɗan. Ta tafi tana kuka.

Lahadi, 24 ga Rajab.

Mai unguwa Attahiru da dattijai uku. Sun ƙi zama kan tabarma. Ya ce, Malam, ɗiyanmu munka kawo a koya musu littafin Allah, ba duba ba. Na ɗauko faifan, na zana ba, na ce ga abin da nake yi, wannan duba ce? Ya kau da kai kamar na buɗe masa tsiraici. Na ce a kira ɗansa in ba shi allon wani, ya gani da idonsa. Ya ce ɗansa na karatu kowa na ji, har liman ya sa masa albarka.

Na ce kowa na ji, amma wa ya gani? Na ɗaga murya a gaban dattijai. Wannan halin nawa shi zai kashe ni.

Litinin, 2 ga Sha'aban.

Yara goma sha ɗaya suka zo.

Laraba, 18 ga Sha'aban.

Na doki Sabiru yau, dukan da ban taɓa yi wa ɗan kowa ba.

Wata biyu muna abu ɗaya. In zana, ya dubi bakina. In rufe bakina da hannun riga, ya dubi na yaran. Yau na zana sunansa, sunansa da aka raɗa masa, ya yi shiru. Wasila na gefe leɓenta na motsi, ya hango, ya faɗa. Na gani. Da wannan ragowar idon na gani.

Bai yi kuka ba sai da na gaji. Sannan ya ce, Baba, da kai kac ce na iya.

Dije ta gasa masa baya da ruwan zafi, ba ta kawo mini tuwo ba, ni ma ban tambaya ba. Tsoro ne ya doke shi, ba ni ba. Haka nake gaya wa kaina. Amma hannun nawa ne.

Juma'a, 12 ga Ramadan.

Ruwa ya sauka, an kwashe yara zuwa gona. Idon hagu ya rufe ɗif ran Talata, ina cikin alwala. Dije ta gane da kanta, don na miƙa hannu gefen buta. Ta matso mini da ita.

Litinin, 6 ga Shawwal.

Yaya Ummaru ya zo daga Tsafe gaisuwar Sallah. Maganar ta riga ni isa can, har da ƙari, wai ina kiran aljanu da yaran mutane.

Na nuna masa komai. Shi malami ne, ya gane ba duba ba ce, amma bai ji daɗi ba. Ya ce haka Baba ya karantar da mu, ga mu muna karatu. Na ce mu biyu, Yaya. Ina sauran arba'in da muka zauna da su? Ya ce wanda Allah ya buɗa wa ya buɗe, ba a yi wa buɗi dabara. Ya ce ko da yaro bai gane baƙi ba, ya tafi da abin salla a ƙirjinsa, wannan kaɗan ne? Ban ce kaɗan ne ba. Na ce a ba shi duka biyun.

Da zai kwanta ya ga bayan Sabiru. Ya ce ba ni yaron ga, ka karya shi. Ya zauna wurina shekara guda ya huce.

Dije ta ce a'a da idonta. Ni na ce to. Gaskiyar da ba zan faɗa wa kowa ba: na gaji da ganin abin da na yi yana zaune a gabana kullum safiya.

Talata, 7 ga Shawwal.

Sun tafi da hantsi. Sabiru ya durƙusa ya yi mini sallama, na ce Allah ya kiyaye hanya. Iyakar abin da na ce ke nan.

Asabar, 17 ga Zulƙida.

Na zubar da rairayin, na mayar wa Dije faifanta. Na tattara sakaina, fasassun ƙorai da ke bayan ɗaki, na kankare, na rubuta harafi ɗaya a kowace da tawada. In zube su a tabarma, yaro ya tsinto wanda na kira, ya jera biyu, ya jera uku, ya faɗi abin da suka zama. In an tashi a kwashe a zuba a jaka a rataye. Har yanzu ba wanda ya ce da sakaina ake duba, amma da sauran lokaci.

Yara bakwai. Maƙeri bai janye nasa ba. Ya ce shi bai san karatu ba, amma ya san ba a gane ƙarfe ya yi sai an sara da shi.

Abin da ya fi mini wuya shi ne yin shiru. Yaro na kokawa da harafi, kalmar na bakina tana ƙaiƙayi. Sau da yawa sai in ji na riga na faɗa.

Talata, 18 ga Zulhajji.

Wasila ta jera tulu da kanta, ba wanda ya ce mata. Ta jera, ta karanta, ta dubi tulun da ke lungu, ta yi dariya. Amma kalma guda ce, kuma ita ta zaɓe ta. Ban kira shi karatu ba tukuna. Sai ran da ta karanta abin da wani ya rubuta, wanda ba ta taɓa ji ba.

Dije ta ce a aika a ɗauko Sabiru, an yi Sallah babba ba shi. Na ce bayan girbi. Ina so in ya dawo ya tarar abin ya tabbata, ya san ba don ƙiyayya na mayar da shi baya ba.

Laraba, 24 ga Muharram, 1337.

Fatake sun zo da labarin wata mura daga wajen Zariya. Wai mutum ya kwanta da zazzaɓi yau, jibi a kai shi. Idon dama ya fara yi mini hazo daga gefe. Rubutun nan da girma nake yinsa, takarda na ƙarewa.

Lahadi, 5 ga Safar.

Murar ta shigo Gusau. An ce kasuwa ta watse.

Dije ta sake maganar ɗauko Sabiru. Na ce to, a nemi mai zuwa.

Juma'a, 10 ga Safar.

Ba mai zuwa ko'ina. Gawa tara aka sallata yau bayan Juma'a, a sahu ɗaya. Ana ce mata marisuwa. Ni da ba na ganin hanya, ina zan kai kaina Tsafe? Da na aika tun Zulhajji.

Litinin, 13 ga Safar.

Hussaini ɗan maƙeri ya rasu. Ɗan Attahiru ma. Na je gaisuwa, Attahiru ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba. Ba mu yi maganar faifai ba.

Asabar, 18 ga Safar.

Dije ta kwanta. Ina dama mata kunu da lalube. Cikin zafin jiki sunan yaron kawai take kira.

Lahadi, 26 ga Safar.

Ta tashi, alhamdu lillahi, sai dai kamar kara. Liman ya rasu, na'ibinsa na kwance. Malam biyu da ke ƙofar gabas, ɗaya an kai shi, ɗaya ya gudu ƙauye.

Na buɗe abin da na rubuta a Rajab, ban iya karanta shi ba. Layuka ne kawai kamar sawun tururuwa. Hannu ya san hanya, shi ke tafiya yanzu. Ko layi na hawa kan layi, ban sani ba.

Wasila ta dawo da kanta, ita da wasu biyu. Ta ce gida ba daɗi. Na zube musu sakaina, ina shafa su ina tambaya, su suke gaya mini abin da ke hannuna.

Talata, 6 ga Rabi'ul Awwal.

Shekaranjiya ne. Sai yau na iya riƙe alƙalami.

Wani mai jakai ya tsaya a ƙofar zaure da hantsi, ya ƙi shigowa saboda ciwo. Ya ce a Gusau wani ya ba shi takarda, daga Tsafe, ta malamin Bunguɗu. Na ce an gaya maka abin da ke ciki? Ya ce shi dai an ce ya kawo. Ya ajiye a dokin ƙofa ya kora jakunansa.

Na fita rana da ita. Na kusantar, na nisantar, na karkata kai. Na gane hannun Yaya ne, ya yi shi manya-manya saboda ni, da ajami, har da wasali. Baƙi-baƙi nake gani, ba harafi ko ɗaya. Duk unguwar babu babba mai karatu da ke tsaye da ƙafarsa. Dije na bayan zana, ina jin numfashinta.

Na ce Wasila, zo.

Ta karɓa da hannu biyu. Ta ce, Malam, ba a biya mini ba. Na ce ba za a biya ba, duba ki faɗi abin da kika gani.

Ta fara. Harafi, shiru, harafi, sannan ta haɗa. Bayan gaisuwa kaɗai ta ci lokacin da za a dafa fura. Ta yi kuskure, ta koma da kanta. Ta kai sunan Sabiru, wannan ta san shi, ta faɗe shi da sauri har da murna. Sai ta ce ya. Sai ta ce ra, ta tsaya. Harafin gaba ya shige mata.

Na san kalmar. Tun daga ra na san ta, wataƙila tun daga mai jakai. Tana bakina. Da na faɗa da an gama, da na hutar da yarinyar, da na hutar da matar da ke bayan zana. Ban san abin da ya riƙe ni ba. Ko ina so ne ya ƙara rayuwa gwargwadon harafi ɗaya, ko wani abu ne daban da nake jin kunyar rubutawa. Na dai yi shiru. Na ji yatsanta na goga takardar.

Ta ce su. Ta ce rasu.

Ba ta tsaya ba, hankalinta duk yana kan baƙi, ba ta ji abin da bakinta ya faɗa ba. Ran Laraba. Mun yi masa sutura. Ya fara haɗa baƙi kafin ciwon. Allah ya ba ku haƙuri. Ta kai ƙarshe rana ta kusa tsaka. A bayan zana wani abu ya faɗi, ƙwarya ce ko Dije, ban tashi ba tukuna.

Yarinyar ta sauke numfashi. Ta ce, Malam, na yi daidai?

Na ce kin yi daidai, ɗiyata. Na sake faɗa mata, don muryata ba ta fita ba da farko.

Tun shekaranjiya nake neman ranar da na faɗa wa Sabiru haka a kan abin da ya gani da idonsa. Ban ba shi lokacin ba.